Magajin Garin Jamus da Katangar Gidanmu

Springfield, ranar Laraba

Zuwa ga Uwata, Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya. Ya haɗa kaya, ya gajiyar sallama da mutane? Allah Ya sa ki yi tafiyar nan a sa'a, Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki. Mamanki tana gaishe ki, duk da na san kullum kuna waya. Ni kaɗai aka mayar baƙo a gidan nan.

Da gangan na rubuta miki da Hausa. Na san za ki ja ɗan tsakin nan naki, amma ki daure ki bi ta kalma kalma. Inda ya gagare ki, ki tambayi Mamanki, kada ki tambayi waya. Na iya gardama da Turanci, kin sani, amma ban taɓa iya ba da haƙuri da shi ba.

Yau mako uku rabonmu da magana. Ran Asabar jirginki zai tashi. Kin ajiye aikin lauya a Washington, za ki yi shekara guda a ofishin magajin gari na garin da na yi karatu a Jamus, ki koyi yadda ake riƙe gari. Ranar da kika faɗa mana muna cin abinci, na ce ban tura ki karatun lauya don ki ƙare kina leƙa kwandon shara a ƙasar wasu ba. Kika ajiye cokali, kika ce, "Okay, Baba," kika ɗauki makullin motarki. Ba na so ki hau jirgi wannan ce maganar ƙarshe da kika ji daga bakina. Abin da ya zaunar da ni ke nan.

In ma laifi ne, ai nawa ne tun farko. Wa ya sa miki garin nan a rai? Kina ƙarama nakan kai ki bakin kogi a Alexandria ranar Lahadi, ki riƙe yatsana, kina jifan agwagi da burodi, ina ba ki labarin lauyan da ya zama magajin gari bayan yaƙin duniya na biyu. Sai dai ɓangaren mai daɗi kawai nake ba ki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan ba ki sauran, haɗe da nawa kurakuran.

Tun da na yi ritaya nakan kishingiɗa bayan azahar a kujerar nan ta bakin taga, ba barci ba, ba farke ba, sai garin ya zo mini. Ina ganin hazo kwance a kan kogi da safe, gada tana fitowa daga cikinsa a hankali. Ina jin ƙararrawar jirgin ƙasa na cikin gari, da ƙamshin burodi mai zafi daga shagon da ke ƙasan benenmu. Na je can ina saurayi, karatun injiniyan ruwa, da jaka ɗaya da rigar sanyin da ba ta tsare komai. Aka sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, sunanta Marta. Ni Inna Marta nake ce mata, ta kuwa karɓa. Ɗakina yana can saman bene ƙarƙashin rufi, in dusar ƙanƙara tana sauka sai in ji kamar gari ya yi shiru don ni. Ita ta koya mini Jamusanci na gaskiya, ba na aji ba, a kicin, tana ferar dankali.

Inna Marta ita ce mai buga wa magajin garin tafireta lokacin tana budurwa. Daga bakinta na ji duk abin da na sani. Ba sai na rubuta sunansa ba, yanzu kin fi ni sanin takardunsa. Ɗan mai gasa burodi ne, ya yi karatun lauya da ƙyar, ya buɗe ɗan ofis a saman shagon takalma shi da abokinsa. Shari'unsa ƙanana ne: gado, haya, maƙwabta biyu da ke rigima a kan bishiya. Ba mai baki ba ne, ta ce in ya tashi magana a kotu har alƙali yakan yi hamma. Da yaƙi ya ƙare, garin ya zama kufai, sojojin da suka ci garin suka shiga neman wanda bai ɓata hannunsa da mulkin da ya faɗi ba. Aka nuna musu shi yana kwasar bulo a ƙofar gidansa. Haka ya zama magajin gari, da tsohuwar kwat da takalmin aro.

Ofishin rajistar filaye ya ƙone ƙurmus. Mutane suna dawowa daga ƙauyuka da sansanoni, kowa ya tsaya a kan tulin ɓaraguzai ya ce nan ne gidansa, ba takarda, ba bango, wani wurin ma ba a gane inda titi yake. Wasu sukan rubuta da alli a jikin abin da ya rage na bango cewa suna raye, suna wuri kaza. Mutumin nan ya ce ba zai yanke iyakar kowa a ofis ba. Kowace safiya sai ya fito da ƙafa, Inna Marta tana biye da shi, ta ɗora tafireta a keken tura jarirai. Sai ya kira maƙwabta biyu masu jayayya a kan iyaka, ya sa a nemo tsohuwar da ta fi daɗewa a layin, duk su hau kan ɓaraguzan tare. Ba ya tambayar tsawo ko faɗi. Cewa yake da tsohuwar, "A ina kike shanya? Ruwan rufinku ta ina yake zuba? In kin leƙo ta tagar kicin, tagar wa kike gani?" Sai mutane su fara nuni da hannu cikin iska, nan murhu yake, nan gadon yara, nan matakala. Inna Marta ta ce wani lokacin sai ka ga kamar gidan ya miƙe tsaye a gabanku, har wanda ya zo da faɗa ya sa kuka. In sun yarda, sai ta zauna a kan dutse ta buga, su sa hannu a wurin. Da haka aka mayar da gari, layi bayan layi. Da aka fara zaɓe aka zaɓe shi, daga baya ya faɗi zaɓe a hannun wani da ya yi alkawarin manyan tituna. Ya kwashe littattafansa ya koma ofishinsa na saman shago.

Iya nan nake tsaya miki. Ga kuskurena na farko.

Ni na gan shi da idona, Uwata. Ban taɓa faɗa miki ba don kunya. Wata Lahadi Inna Marta ta sa na saka riga mai kyau, ta kai ni gidansa. Ya tsufa tukuf, yana zaune a lambu ƙarƙashin wata bishiya, an rufa masa bargo a gwiwa. Ganye yana faɗo masa a kafaɗa bai damu ya kakkaɓe ba. Da ya ji daga inda na fito sai idonsa ya yi haske. Ya ce, "Faɗa mini, a ƙasarku yaya ake sanin inda gonar mutum ta tsaya?"

Na san amsar sarai. Na san gamba da ake dasawa a kan iyaka, na san tsamiyar da kakanni suke cewa daga nan zuwa can, na san yadda mai unguwa yake tara dattawa a taka wurin da ƙafa. Amma ni saurayi ne mai taye a wuya, ina tsoron a ce daga daji na fito. Na gyara murya na ce, "Ai mu ma yanzu muna da safiyo da na'ura, kamar ku." Ya dube ni jim, ya ce, "To, madalla," ya juya ya tambayi Inna Marta ciwon ƙafarta. Mutumin da ya tayar da gari da irin hikimar kakannina ya tambaye ni ita, na ɓoye. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Don haka in sun tambaye ki yadda mutanenki suke yin abu, ki faɗa yadda yake, ba ragi ba ƙari. In ba ki sani ba ki ce za ki tambayo. Wanda ya yi tambaya da gaske ba raini ya kawo shi ba.

A hanyar komawa gida, cikin jirgin ƙasa, Inna Marta ta ba ni abin da ba ya cikin labarin bakin kogi. Abokin da suka buɗe ofis tare Bayahude ne. Da mulkin zalunci ya zo, aka aiko takarda cewa irin su ba za su ƙara aikin lauya ba. Mutumin namu bai shiga jam'iyyarsu ba, amma bai ce uffan ba. Ya ɗauki abin kwance ƙusa ya cire allon tagulla mai sunan abokinsa daga bakin ƙofa, bai je gidansa ya faɗa masa ba. Abokin ya zo da safe ya tarar da ramuka huɗu a bango. Ya tsaya, ya juya, bai hau benen ba. Daga baya aka tafi da shi da iyalinsa, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ta ce shi ya sa bayan yaƙi ya ƙi yanke wa kowa hukunci ba tare da ya kalli fuskarsa ba, kuma har ya bar ofishin bai yarda an toshe ramukan ba. Za ki ga hotonsa a zauren majalisar garin. Kada ki ɗauke shi waliyyi, kada kuma ki yi saurin tofa masa yawu. Mutum ne da ya yi shiru ranar da bai kamata ba, ya san ya yi, ya ƙare rayuwarsa yana tafiya da ƙafa saboda haka. Ki yi tambaya a kansa, har da tambayar da ba za su so ba, amma cikin ladabi.

Kuskure na biyu gajere ne. Ranar da zan bar Jamus, Inna Marta ta fita kasuwa don ta sayo abin da za ta yi mini abincin sallama. Ni kuwa ba na son kuka, nata da nawa. Na rubuta 'yar takardar godiya na danne da gwangwanin sukari, na ja akwatina zuwa tasha. Ta rubuto mini sau biyu. Na aika mata da kati mai hoton raƙumi. Shi ke nan. Matar da ta yi jinyata lokacin da sanyi ya kwantar da ni, ta daina sa naman alade a tukunyarta saboda ni! Duk wanda ya ba ki masauki, Uwata, ki tsaya a gabansa ki yi masa sallama, ko da hawaye zai ɓata miki kwalliya. Daga baya na ji ta rasu. In kin samu sarari ki nemi kabarinta a maƙabartar da ke bayan tsohon coci, ki share mata ganye.

Na uku shi ne babba, kuma ya shafi mai sunanki.

Kina aji biyu lokacin. Damina ta yi ƙarfi a Zariya, katangar ƙasa da ke tsakanin gidanmu da na maƙwabcinmu Malam Ilu ta zube. Baffanki Sani ya kira ni. Na ce a yi ta bulo, amma tun da za a taɓa, a kira safiyo ya auna da takardar gida, a yi abu na ilimi. Ya ce, "Yaya, da dai ka zo ka gani tukuna." Na ce ina da aiki, ana gyaran babban bututu, ba ni da hutu. Gaskiya ne ana gyaran, amma hutu da na nema da an ba ni. Safiyo ya zo ya auna, ya ce madafar Malam Ilu ta shigo filinmu da taku uku. Ina zaune a ofis a nan Virginia, da shayi a hannu, na ce a bi takarda. Baffanki ya yi shiru a waya. Ni kuwa na ɗauka shirun yarda ne.

Malam Ilu bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya rushe madafarsa da hannunsa, ya mayar da murhu gefe. Aka ja katanga miƙaƙƙiya, doguwa, aka yi mata shafe. Abin da ba ya cikin takardar safiyo shi ne 'yar ƙofa da ke jikin tsohuwar katangar, wadda sai an sunkuya ake wucewa. Ni da na yi rarrafe ta cikinta, na manta da ita. Ta nan Inna, kakarki, take shiga wurin Iya Abu matar Malam Ilu. Shekara arba'in suna miƙa wa juna garwashi da gishiri da ƙwaryar fura ta wannan ƙofa, ba mayafi, ba sallama. Bayan sabuwar katanga, in Inna tana son ganin ƙawarta sai ta yafa mayafi, ta ratsa zaure, ta fita titi, ta zagaya, ta ratsa zauren maza na can gidan. Ga gwiwa ta ƙi. Ta yi haka na 'yan watanni, sannan ta bari.

Na kira ta ina jiran yabo. Na ce, "Inna, ya kika ga aiki?" Ta ce, "Katanga ta yi kyau. Allah Ya yi albarka." Ni kuma na ajiye waya ina jin daɗi.

Sai da na je zaman makokinta, bayan shekara biyu, na sani. Iya Abu ta sa aka kira ni. Ta tsufa, ba ta gani sosai, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Ɗan nan, taku ukun nan babanka ne ya ba Malam. Hayaƙinmu yana shiga ɗakin uwarka tana da cikinka, ya ce a matsar da murhu wajensa inda iska take fita. Da ƙafarsa ya ja layin, ina tsaye. Duk tsofaffin layin nan sun sani. Ba wanda ya tambaye mu." Ba faɗa take yi ba, labari kawai take ba ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kafin in dawo na sa aka fasa ƙofa a katangar, aka sa mata ƙyaure mai kyau. Tana nan har yanzu, kaji ne suke wucewa ta ciki.

Ki duba fa, ni ne na zauna a kicin ɗin Inna Marta na ji yadda ake tambayar tsohuwar layi. Ni ne nake ba ki labarin a bakin kogi, a daidai shekarun da na aikata wannan. Sanin labari daban, aiki da shi daban. Hausawa sun gama magana da suka ce zuwa da kai ya fi saƙo. In Allah Ya ba ki wani iko a kan mutane, ko na layi ɗaya ne, a Jamus ko a nan ko a gida, kada ki sa hannu a kan abin da ba ki taka da ƙafarki ba. Ki nemi wadda ta fi kowa daɗewa a wurin ki gaishe ta, ki zauna. In mutum ya yi miki shiru, kada ki ɗauka ya yarda, ki sake tambaya. Takarda tana da amfani, ke lauya ce kin fi ni sani, amma abin da aka gaya mata kawai ta sani.

Yanzu ga gaskiyar abin da ya sa na yi miki tsawa. Ba aikin na raina ba. Tsoro ne, don na san garin nan yana riƙe mutum, ni ma bai sake ni duka ba. Akwai kuma kishi, ba zan ɓoye ba. Kin ji labarin kina riƙe da yatsana kin tashi za ki bi shi, ni na ji shi daga bakin mai tafiretar na bar shi a aljihu. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. To wannan karon babban ne ya tsaya yana kallon ƙasa. Na ji kunya, kunyar ta fito a matsayin faɗa. Ki yafe mini, Uwata. Na yarda da tafiyarki, na sa miki albarka, ina alfahari da ke fiye da yadda bakina ya saba faɗa.

Sauran ƙananan abubuwa Mamanki ta riga ta cika miki kunne, amma bari in sa nawa. Ki yi cefane ran Asabar, don Lahadi ko gishiri ba za ki samu ba. Kada ki tsallaka titi wuta tana ja ko da ba mota, tsofaffinsu za su harare ki har gida. In an ce ƙarfe tara, tara ake nufi, ba irin taran bikinmu ba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ranakun hunturu gajeru ne, kina sallame la'asar magariba ta kawo kai. Yajin da aka daka miki kada ki bar shi don nauyin jaka, za ki gode mini. Wata safiya kuma ki tashi da wuri ki tsaya a kan gada kafin hazo ya watse, ki kalla mini.

Na kai nan sai Mamanki ta shigo da shayi, ta leƙa kafaɗata. Ta ce, "Alhaji, wannan dogon rubutu fa?" Na ce na Hauwa'u ne, in ta je taya ki ɗaure kaya ran Juma'a ta sa miki a jaka, ki karanta a jirgi. Ta ajiye kofin, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Au, takarda za ka sake aikawa?" Ta fita ta bar ni da biro a hannu. Na daɗe ina kallon shafukan nan. Shekara sittin da bakwai, na cika takarda da wa'azin a je da ƙafa, ina shirin ba da saƙo, alhali tsakanina da ke tafiyar minti ashirin ce.

Saboda haka ba za a sa miki ita a jaka ba. Gobe Alhamis bayan la'asar zan shiga jirgin ƙasa na Blue Line, in sauka, in hau benenku har hawa na tara, in ƙwanƙwasa. Zan faɗi abin da ke ciki da bakina, ina kallon fuskarki, ko da muryata za ta ba ni kunya. Bayan nan in miƙa miki takardar, don akwai wuraren da na san ba zan iya kai ƙarshensu ba. Ban san yadda za ki karɓe ni ba, kuma kina da haƙƙin ki bar ni tsaye. Amma in har kina karanta wannan layin, to kin buɗe ƙofar, na gode.

Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki fi ubanki jin magana tun da sauran lokaci. Ya tsare gabanki da bayanki, a sama da ƙasa, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam,
Babanki